An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Batir da Altaneta a Motocin Zamani

A garejin Wurno ko na Goronyo, ko a gefen kasuwar Achida ranar da take ci, idan direba ya kawo mota ya ce yau da safe sai da aka tura ta, ko ya ce kik ya fara nauyi, abin da zai biyo baya sananne ne. Mai rewaya zai ɗaga bonet, ya ce a tayar, ya ɗora bakin mita a kan batir. In ya ga bolt 14 sai ya ce caji lafiya lau, a je a sayo batir. In kuwa ya ga 12 da 'yan kai, sai ya girgiza kai ya ce altaneta ta mutu. Wannan hukunci ya daɗe yana ci, kuma ba a banza ya samu karɓuwa ba, domin a kan Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da Golf ɗin da har yau ke jigilar mutane da buhunan albasa tsakanin Sakkwato da Sabon Birni, gaskiya ne. Sai dai motocin da ke shigowa yanzu, 'yan Kwatano da na gwamnati da na ƙungiyoyin agaji, da yawansu an canza musu tsarin caji tun daga tushe. A irin waɗannan motoci bolt 12.6 da inji yana aiki na iya zama alamar lalacewa, yana kuma iya zama umarnin da ƙwaƙwalwar motar ta bayar da gangan. Lambar da mita ta nuna ta daina zama hukunci, ta koma farkon bincike, kuma duk wanda bai gane haka ba zai yi ta sauke altaneta mai lafiya yana barin ainihin cutar a jikin mota.

Wanda ya san aikin ban ruwa a kwarin Rima ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Batir kamar madatsar ruwa ne, yana tara wuta ya ajiye, altaneta ita ce kogin da ke cika shi, shi kuwa bolt ma'aunin ƙarfin turin wutar ne. Manomin shinkafa da ke ƙasan Dam ɗin Goronyo, in ya wayi gari ya ga ruwan kwata ya ja baya, ba ya yanke cewa kogin Rima ya ƙafe. Yana iya yiwuwa an toshe hanya a wani wuri, yana iya yiwuwa ƙofar dam ta samu matsala, kuma yana iya yiwuwa masu kula da ƙofar ne suka rage ruwan don sun ga gonaki sun ƙoshi. Tsohuwar mota ba ta da mai tsaron ƙofa. A cikin altanetarta akwai wata 'yar na'ura da makanikai ke kira katawut, aikinta ɗaya tal, ta riƙe wuta tsakanin bolt 13.8 da 14.4 muddin inji na juyawa, ko batir ya cika ko bai cika ba. Sabuwar mota tana da mai tsaron ƙofa, wato ƙwaƙwalwar inji da ake kira birenbos. Ita ke duba yawan wutar da ta rage a batir, da zafinsa, da kayan da aka kunna, da ko direba na taka totur ne ko ya saki, sannan ta faɗa wa altaneta yawan abin da za ta bayar. A tafiya guda ana iya ganin mita ta sauko 12.4, bayan minti ɗaya ta haura kusan 15, kuma babu abin da ya lalace.

Masu ƙera motoci ba don su wahalar da makanikai suka yi haka ba, mai suke neman tsimi. Altaneta ba kyauta take ba da wuta ba, da ƙarfin inji take juyawa ta hanyar fambel. Wadda ke fitar da amfiya 100 a kan bolt 14 tana samar da wat 1,400, kuma da yake kusan rabin ƙarfin da take ja yana salwanta ne a zafi, takan ci ƙarfin doki uku ko fiye daga injin. Da gwamnatoci suka matsa kan rage hayaƙi da shan mai, musamman dokar Tarayyar Turai ta 2009 da ta ɗora wa kamfanoni matsakaicin giram 130 na iskar kabon a kowace kilomita zuwa 2015, sai injiniyoyi suka ga babu dalilin da za a ci gaba da ɗura wuta a batir ɗin da ya riga ya cika. Dabarar ita ce a sassauta wa altaneta lokacin da mota ke jan hanya ko hawan tudu, a ɗora mata kaya lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki, tunda a lokacin gudun motar ne ke juya injin ba mai ba. Don a samu gurbin zuba wannan wuta ta banza, motoci da yawa ba sa cika batir fal, suna barinsa a wajen kashi 80 cikin 100.

Wani zai ce wannan zance na motocin Abuja ne, mu nan tsofaffin motoci muke hawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin akasarin motocin haya da ke tashar Rabah ko Gandi tsohon tsari ne. Amma abin bai kai yadda ake zaton sabunta ba. Kamfanin Honda ya sa tsarin caji mai hawa biyu a motocinsa tun shekarun 1990. A cikin akwatin fis da ke ƙarƙashin bonet akwai wata na'ura mai auna yawan wutar da mota ke sha, in ta ga ba a kunna komai mai nauyi ba kuma inji ya yi zafi, sai a sauke caji zuwa bolt 12 da rabi ko sama da haka kaɗan, in an kunna fitila ko esi ya koma sama da 14. Wato Accord ɗin da malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da 'yan kasuwar tafarnuwa suka fi shekara ashirin suna hawa a Arewa tana cikin wannan lissafi. Ford ya fito da nasa a ƙarshen shekarun 1990, General Motors na Amurka a tsakiyar shekarun 2000, BMW kuwa tun farkon shekarun 2000 ya fara buƙatar a sanar da kwamfutar mota duk lokacin da aka canza batir. Toyota ma ta sa na'urar auna wutar batir a motocinta da dama na baya-bayan nan. Kuma duk motar da ake kira sabuwa a Turai ko Amurka a 2012, ita ce 'yar Kwatanon da ake saya yau.

To, idan lamba ɗaya ba ta isa hukunci ba, ta ina za a fara? Daga batir, inji a kashe. Batirin mota irin na dalma da asid ne, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, kuma har yau tsarinsa bai sauya sosai ba: ɗakuna shida, kowanne na ba da bolt 2.1, jimla 12.6 in ya cika. In ya nuna 12.4 saura kusan kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne, 12.0 kuwa saura kwata. Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin cikakken batir da wanda ya kusa ƙarewa ba ta fi rabin bolt da ɗan ɗoriya ba, don haka mai cewa ai goma sha biyu yake nunawa bai faɗi komai ba sai ya faɗi abin da ke bayan ɗigo. In aka ga 10.5 ko kusa da haka, galibi ɗaki ɗaya ne ya mutu, kuma babu cajin da zai tashe shi. Sai dai awon ba ya inganta a kan motar da aka kashe yanzu-yanzu, domin batirin da ya sauko daga caji yana ɗauke da wata wuta ta sama-sama da ke ruɗar mita. Ko dai a bar shi ya huta sa'o'i, ko a kunna manyan fitilu na minti ɗaya zuwa biyu, a kashe, a ɗan jira, sannan a auna. Bayan haka a bar mita a jiki a murɗa makulli. Batir mai lafiya ba ya faɗuwa ƙasa da bolt 9.6 lokacin da kik ke jan inji. Wanda ya nuna 12.6 a zaune amma ya rufta zuwa 7 ko 8 da an yi kik, ya tsufa ne, kamar tulun da ya cika da laka, ruwan yana bakinsa amma bai fi moɗa biyu ba.

Sai an wanke batir daga zargi, ko an caja shi ya cika, sannan maganar altaneta ke da ma'ana, kuma a nan ne bambancin tsoho da sabo ke fitowa. Ba a tsayawa ana kallon mita a silo, tsokanar tsarin ake yi a ga ko zai amsa. A tayar da mota a lura da mintunan farko, domin yawanci nan da nan bayan kik ƙwaƙwalwa takan ɗaga caji ta mayar da abin da aka ci. In daga baya lamba ta sauko 12.6 ko 12.8, a kunna manyan fitilu da fankar esi a ƙarshen gudunta, a ɗaga inji zuwa juyi 2,000 a minti. Tsari mai lafiya zai amsa cikin daƙiƙoƙi, wuta ta haura 13.5 ko fiye. In kuwa aka ɗora kaya sai lamba ta yi ta zamewa, 12.3, 12.1, 11.9, ba ta dawowa, to lallai ba a caji, batir ne ke ɗauke da mota shi kaɗai. Wanda ke da 'yar mitar nan da ake sokawa a ramin cajin waya yana iya ganin abin a kan hanya: a gangara a saki totur lamba ta tashi, a taka ta sauka. Mutane da yawa sun ga wannan hawa da sauka sun tsorata, alhali shaidar lafiya ce.

Ko an tabbatar ba a caji, tsugune ba ta ƙare ba, domin tsakanin altaneta da batir akwai hanya, kuma hanyar ta fi altanetar saurin lalacewa a ƙasa irin tamu. Tururin asid yana cin ƙarfen kan batir ya zama wannan farin gari ko shuɗi. Gargadar hanya tana sassauta noti. Wayar da ke haɗa batir da jikin mota, da wadda ke haɗa inji da jiki, suna tsatsa daga ciki ba a gani. Gwajin ba shi da wuya: inji na aiki, fitilu a kunne, a auna wuta a bakin altaneta, a sake aunawa a kan batir. In altaneta na ba da 14.2 amma 13.2 ke isa batir, bolt guda ya ɓace a waya, kuma bai kamata asarar ta wuce kusan rabin bolt ba. Fambel da ya saki ko ya yi santsi shi ma yana hana caji ba tare da altaneta ta yi laifin komai ba. Sannan ga abin da tsohuwar mota ba ta da shi sam, wato siririyar wayar da ƙwaƙwalwa ke aika umarni ta cikinta. Ɓera ya ci ta, ko soket ɗinta ya yi datti, altaneta ta daina jin magana. Wasu sukan koma wani matsakaicin caji na ko-ta-kwana, wasu ba sa farawa sai an ɗaga inji sosai, kuma fitilar batir na iya kamawa a dashbod.

Akwai wata 'yar na'ura da ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita aka fi zalunta. A motocin zamani da yawa, a jikin maƙallin kan batir na baƙar waya, akwai wani ɗan ƙaramin akwati mai soket. Shi ne idon ƙwaƙwalwa: yana ƙirga duk wutar da ta shiga batir da wadda ta fita, yana kuma auna zafi. Idan maƙallin ya ci tsatsa, abin da aka saba shi ne a yanke shi a sa na tagulla na kasuwa, a jefar da akwatin tare da shi a matsayin tarkace. Daga ranar ƙwaƙwalwa ta makance. Haka kuma mai ɗaura lasifikar talla ko ta kamfen, ko inbata, ko ƙarin fitilu, in ya ɗaure baƙar wayarsa kai tsaye a kan batir maimakon a jikin mota, wutar da kayansa ke sha tana fita ta bayan gida ba a ƙirga ta ba. Ƙwaƙwalwa na nan tana lissafin batir a cike yake, tana rage caji, shi kuwa yana ƙarewa. Shi ya sa littattafan irin waɗannan motoci ke cewa in za a ara wa mota wuta daga wani batir, ko a sa mata caja, a maƙala baƙar waya a ƙarfen inji ko wurin da aka tanada, ba a kan batir ba. Canjin batir ma yana da nasa sharaɗi. Wasu motocin, musamman na Jamus da wasu Ford, suna riƙe da tarihin tsohon batir, in ba a sanar da su an sa sabo ba sai su ci gaba da yi masa cajin da ya dace da tsoho. Motar da ke kashe kanta a danja ta sake tashi kuwa batirinta na musamman ne, mai alamar AGM ko EFB, in aka musanya shi da na yau da kullum ba ya daɗewa.

Ƙorafi mafi nauyi da ake yi wa wannan tsari shi ne na makanikan da suka san shi sarai amma ba su yarda da shi ba. Suna cewa an yi shi ne don ƙasashen sanyi da dokokinsu, tsimin man da yake yi bai taka kara ya karya ba, kuma barin batir bai cika ba yana kashe shi, don haka gara a cire soket ko a mayar da altaneta ta koma irin ta da, a huta. Ba za a ce ba su da hujja ba. Gaskiya ne batirin da ya daɗe ƙasa da 12.4 yana tara wani gishiri a farantansa wanda ke taurara ya rage masa ƙarfi har abada. Gaskiya ne kuma tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 mutane da yawa suka koma ajiye mota kwanaki suna hawa babur, in an fito da ita ma daga gida zuwa masallacin Juma'a ne ko sakatariya, tafiyar da ba ta isa ta mayar da abin da kik ya ci ba. Amma maganin wannan shi ne a riƙa ɗora batir a caja lokaci-lokaci ko a yi doguwar tafiya, ba a ƙwaƙule wa mota ido ba. Abin da masu wannan ra'ayi ke mantawa shi ne babban makashin batir a ƙasar Sakkwato zafi ne. A watannin Maris zuwa Mayu ana wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Batir mai zafi yana buƙatar ƙarancin bolt, abin da ya dace da shi a digiri 25 ya yi masa yawa a digiri 45, sai ruwansa ya yi ta ƙonewa, farantai su ci, ya kumbura. Tsohon katawut ma yana ɗan ragewa in ya ji zafi, amma zafin jikin altaneta yake ji ba na batir ba. Sabon tsari batirin kansa yake aunawa. Ke nan ɓangaren da ake cewa na Turawa ne, a bazararmu ya fi amfani. Kuma batir da yawa da ke mutuwa da sanyin safiyar Disamba da Janairu, bazarar da ta wuce ce ta cinye su, hunturu tona asiri kawai ya yi.

Game da tsohon gwajin nan na cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota za ta mutu, babu wata hujja da za ta kare shi yanzu. Batir shi ke shanye tsallen wutar altaneta. In aka fizge shi tana tsaka da caji, wutar na iya yin tsalle ninki huɗu ko biyar cikin ƙiftawar ido. A 504 babu kwamfutar da za ta ƙone. A motar da ke da kwamfutar inji da ta giya da ta birki, garin neman gira ake rasa ido, kuma birenbos ba a samunsa a Goronyo, sai an aika Sakkwato ko Ƙofar Ruwa a Kano, a kuma nemo wanda zai daidaita shi da makulli. Gwajin ma ba ya faɗin gaskiya, don altanetar da dayod ɗinta ɗaya ya ƙone tana iya riƙe inji a silo amma ta kasa ɗaukar fitilu da dare, ta kuma riƙa tsotse batir in mota na ajiye.

Wannan tsotsar ita ce sashen da galibi ba ruwansa da caji. Mota a kashe, bayan kwamfutocinta sun yi barci, abin da take sha bai kamata ya wuce wajen miliamfiya 50 ba. Rediyon da aka ɗaura ba daidai ba, na'urar bin sawun mota, cajar waya da aka bari a rami, fitilar but da ba ta mutuwa, kowanne na iya kwashe batir cikin kwana biyu ko uku. Mai motar da ke tashi lafiya kullum amma ta ƙi tashi bayan ta kwana uku a ajiye, ya fara neman ɓarawon nan kafin ya taɓa altaneta.

Saura maganar kayan aiki, wadda ita ce uzurin da aka fi bayarwa: a ƙauye wa ke da kwamfutar duba mota? Tun 1996 aka wajabta wa motocin Amurka ramin da ake soka wannan na'ura, na Turai masu fetur tun 2001, kuma yanzu akwai ƙananan irinta da ke haɗuwa da wayar hannu. Amfaninta babba shi ne wasunsu na nuna bolt ɗin da ƙwaƙwalwa ta nema a gefen wanda altaneta ta bayar. In ta nemi 12.8 aka ba ta 12.8, babu laifi a wurin altaneta, sai a tambayi dalilin da ya sa ta nemi kaɗan. In ta nemi 14.5 aka ba ta 12.2, an kama mai laifi ko hanyarsa. Amma duk gwaje-gwajen da aka ambata a baya, mitar da ke aljihun kowane mai rewaya da makunnin fitila sun ishe su. Abin da ya ƙaranta ba na'ura ba ce, haƙurin bin mataki ne, da kuma yardar mai mota ya biya kuɗin bincike ko da ba a kwance komai ba. Muddin direba na ganin makanikin da bai canza kaya ba bai yi aiki ba, makanike zai ci gaba da canza kaya.

Direban da ke bin hanyar Goronyo zuwa Sabon Birni da Isa yana da dalilin da ya fi na kowa na cewa a canza duk abin da ake zargi, domin a halin tsaron da gabashin Sakkwato ke ciki shekarun nan babu mai son mota ta mutu masa a daji da magariba. Sai dai wannan dalilin ne ya fi nuna haɗarin hukuncin gaggawa. Altanetar da za a sayo ta Beljiyam ce da ba a san tarihinta ba, kuma ko ƙafafunta sun zauna daidai, soket ɗinta na iya zama mai wani yare dabam da wanda ƙwaƙwalwar motar ke ji, tunda mota iri ɗaya na iya zuwa da altaneta kala biyu ko uku gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa ita. Sai a wayi gari an sauke ta asali mai lafiya an sayar wa 'yan gwangwan, an ɗaura wadda ba ta jin umarni, tsatsar da ke wayar jikin mota tana nan inda take, direba kuma ya kama hanya da yamma yana ganin an gama gyara.